Fom Daga Ofishin Ilimi

Ran Laraba fom ya iso daga ofis,
shafi huɗu, gida-gida kamar ramukan dara.
Hedimasta ya ce, Malam Mutawakilu, kafin Juma'a.
Na cusa shi a jaka
tare da jan biro da ragowar ƙosan safe.

Aji biyu, ƙaramar sakandare, Aboabo, Kumasi.
Yara sittin da uku a benci ashirin da ɗaya,
ɗaya bencin ma bulo ne ƙafarsa.
Maza nawa? Talatin da huɗu.
Mata? Ashirin da tara,
in an haɗa da Fuseina
wadda rabonmu da ita tun ƙaramar Sallah.
Kullum ina kiran sunanta,
kullum ƙawarta na amsawa: tana zuwa, Malam.

Gida na uku: yaren da ake yi a gida.
Filin da aka bar mini bai kai ƙwayar gyaɗa ba.
To Wumbei fa?
Dagbanci yake yi da kakarsa,
Tonanci yake ciniki a Kejetiya,
da Hausa yake faɗa a lungu, da Hausa yake shiryawa,
Turanci kuwa sai ni na tsare shi da ido.
Talatin da ɗaya ya ci a Turanci.
Shi ne na gani a asibiti watan jiya
tsaye tsakanin nas da wata tsohuwa
yana juya ciwon ƙirjinta daga baki zuwa baki
har aka gane maganin.
Na rubuta: talatin da ɗaya.

Atinga, ɗan maigadin sito,
tamanin da takwas a lissafi.
Asabar da Lahadi yana rataye a ƙofar torotoro
da canjin mutum goma sha biyar a kansa,
bai taɓa cin sidin kowa ba.
Litinin kan zo masa da barci.
Nakan bar shi har a buga ƙararrawa.

Akosua Frimpomaa ta zo mana bara
ba ta san ko zo ka kashe ni ba.
Yanzu uwarta ta kawo ƙara
wai yarinyar na cewa wallahi a coci.
Addini: Kirista. Matsayi: ta huɗu.
Ta uku Sharifatu ce, 'yar Kotokoli,
mai karatu a hasken gidan mai in an ɗauke wuta,
littafinta duk warin fetur.
Su biyu littafin kimiyya ɗaya gare su,
an raba shi daga tsakiya, ana musanya ran Alhamis.

Sana'ar uba: dako. Tela. Dako. Mahauci.
Ya tafi Libiya. Mai gyaran waya. Ya rasu.
Ba a sani ba.
Hannuna ya gaji kafin in kai harafin K.

Sai jimla.
Na tara, na raba, na sake tarawa:
arba'in da shida.
Makarantar kuɗi ta hayin titi, mai rawayar bas,
an ce tamanin suka tashi.
Allah ya ƙara musu.
Su fankarsu na juyawa.
Mu in ruwa ya sauko kan kwano
sai mu rufe baki mu jira, ni da alli a hannu.

Gidan ƙarshe: dalilin rashin ƙoƙari.
A zaɓi ɗaya: malami, iyaye, ɗalibi.
Na daɗe ina kallonsa
har ladan ya kira Assalatu.
Na bar shi fari.

Juma'a da safe, fom a hannuna, ina kiran suna.
Na iso kan Fuseina don sabo.
Daga can baya, kusa da bencin bulo,
wata murya da ta ɗan dushe ta ce: ina nan.
Wuyanta ya kumbura da gammo.
Ba ta da biro.
Na miƙa mata jan nawa.