Makullin Kabarin Dutse

A bayan gonarmu, can cikin Alentejo,
inda ake ɓare wa itatuwa ɓawo don toshe bakin kwalba,
duwatsu bakwai ne a tsaye,
na takwas ya kwanta a kansu kamar faifai a bakin ƙwarya.
Kakata Ermelinda ta ce aljanu suka aza shi a dare ɗaya.
Babana bai taɓa tanka mata ba.
In hadari ya haɗo, sai ya kora tumaki ciki,
mu tsuguna muna cin burodi da zaitun,
ruwa na dukan rufin da bai san yoyo ba.

Sai wata mata ta zo daga jami'a
da 'yar tsintsiya da ba ta fi yatsa ba.
Wata uku tana durƙushe.
Ta fito da wuyan tulu, da bakin kibiya na dutse,
da haƙoran yaron da bai gama famfara ba.
Ta ce, shekara dubu biyar, ko ma fiye.
Ba su san ƙarfe ba,
da igiya da kafaɗa suka ja.

Na duba inda take nunawa.
Wurin zamana ne.
A kan yaron nan na ci burodina har na yi gemu.

Da maƙwabcina Custódio ya sayar da filinsa,
katafila ta zo share wuri,
direba ya leƙo ya ce dutse ai dutse ne.
Na tsaya a gabanta, ni da kare da sanda.
Kada a kira shi jarunta,
gwiwata ce ta ƙi tafiya.
Kwana huɗu kafin takarda mai hatimi ta iso.

Yanzu akwai shingen waya,
da allo mai harshe uku, ban iya karanta biyu ba,
makulli kuma yana aljihuna.
Baƙi na zuwa, su ɗauki hoto,
wani ya rubuta sunan budurwarsa da alli,
in bi da soso in wanke.
Wanda ya gina bai bar suna ba,
kai wa ya tambaye ka naka?

An hana tumaki shiga, na kuma yarda.
Sai dai in ruwa ya sauko
sukan jeru a bakin waya, ulu sharkaf,
suna kallon rufin,
suna kallona.