Kashi Sittin da Bakwai

Kashi sittin da bakwai ta kai, ta tsaya cak,
karo na huɗu ke nan yau.
Allo ya yi shuɗi, wai ana mayar da komai yadda yake.
Wa ya aike ki, 'yar tsohuwa?

Can ƙasan tudunmu na Valparaíso
fitilun tashar jiragen ruwa sun kama,
ni ko tabarau a kan hanci,
ina kwafe lambar kuskure a bayan takardar kuɗin wuta:
sifiri, sifiri, takwas, da haruffan da ba sa gaisawa da kowa.

Millaray, jikata, ta kira daga Temuco:
"Kaka, cire firinta. Kashe, ka kunna."
Na cire. Na kashe. Na kunna.
Fankar ciki ta yi tari irin nawa na asuba.

"To wuri ne ya ƙare. Share wani abu."

Na buɗe. Hotunan Eduvigis ne, dubu uku da ɗoriya:
ga ta da kifi, ga ta da laima,
ga ta tana hararar mai ɗauka.
Shekara biyu kujerarta ba kowa.

Na yi shiru har yarinya ta gane.
Ta ce Asabar za ta zo da faifai,
mu kwashe kakarta a hankali, mu sauya mata ɗaki.

Na danna "tuna mini daga baya."
Fanka ta lafa.
Shayina ya huce tun ɗazu.