Rufin Matauni

Shekara arba'in na yi ina sarar rake a Pernambuko,
rake kuwa ya rama, ya sare ni a baka.
Abin da ya rage: uku a ƙasa, ɗaya a sama,
nesa da juna kamar 'yan'uwan da rabon gado ya ɓata.

Ran Talata farar mota ta tsaya gindin mangwaron makaranta,
da kujera a cikinta mai kwanciya da mutum.
Na riƙo hannun jikata Jussara,
shekara shida da wata biyu,
tafinta sharkaf da gumi.
"Kaka, cirewa za su yi?"
Na yi shiru. Ni cirewa kaɗai na sani.
A zamaninmu mai aski ne da filaya a bayan kasuwa,
ka runtse ido, ka tofar da jini a kwata,
ka ɗauki addarka ka koma gona.

Likita Marileide, gajeruwa, tabarau a karan hanci,
ta yafito ni: "Aderaldo, zo ka gani."
Ta karkata ɗan madubi. Can ƙurya
ga sabon matauni, fari fat kamar cikin kwakwa,
a kansa 'yan kwaruruka sirara
irin waɗanda ruwa ke bari a gefen tudu.
"Nan zaƙi ke kwana," in ji ta.
"Buroshi ya zo ya wuce, bai taɓa gindin ramin ba.
Ƙofar za mu rufe tun ɓarawo bai zo ba."

Ba allura. Ba injin nan mai kuka.
Ta wanke, ta tokare kumatu da auduga,
ta shafa wani ruwa, ta ɗauraye, ta busar,
sai ta ɗiga liƙi, ɗigon bai kai ƙwayar gero ba,
ya bi kwarin, ya kwanta.
Ta kunna shuɗiyar fitila,
ta ce wa yarinya ta ƙirga ashirin a zuci.
Na tsinci leɓena yana ƙirgawa.
Haka sau huɗu.

Jussara ta zura harshe, ta zaro ido:
"Kaka, santsi!"
"Ba laya ba ce," likita ta ɗaga yatsa.
"A goge safe da dare.
Baɗi in dawo in duba ko ya ɓamɓare."

Ni da ke hawa rufi duk shekara kafin damina,
ina bin tsaga ɗaya-ɗaya da kwalta,
ban taɓa sanin baki ma ɗaki ne ba
sai da nawa ya rushe.

A hanyar gida rake na kaɗawa hagu da dama,
kamar bai san komai ba.
Akwai guntun mazarƙwaila a aljihuna,
da shi na so in share mata hawaye.
Ba hawayen. Na bar shi inda yake.

Da yamma na gasa masara, na miƙa mata.
Ta kafa baki.
Ƙurus. Ƙurus.
Rabona da wannan sauti a cikin kaina
tun kafin a haifi uwarta.
Na ce, "Tauna a hankali."
Ta ce, "Don kar ya ɓalle?"
"A'a," na ce. "Saurare nake yi."