Hatimin Duan Suqin

Shagona na nan bakin tsohon mashigin ruwa a Yangzhou,
tsakanin mai dafa taliya da mai gyaran agogo.
Shekara arba'in ina sassaƙa sunaye a dutse.
A juye nake yanka su,
don in an buga a takarda su miƙe daidai.

Daren da aka haife ki, ruwa ya kwana yana zuba.
Kakanki ya tsoma alkalamin gashi a tawada,
ya ja zane talatin da ɗaya, yana ƙirgawa da leɓe:
Duan, gidanmu.
Su, farin siliki da rini bai taɓa ba.
Qin, garaya mai tsirkiya bakwai.
Ya ce a kula da gaɓar ƙarshe, tana da hali:
in murya ta hau, garaya ce,
in ta tafi a shimfiɗe, dangi ne,
in ta sunkuya ta ɗago, barci ne.
Uwarki, a gajiye, ta ce duka ukun tana so.

Sai ga mutanen fim daga Beijing da takalma masu ƙyalli.
Suka auna tsayinki, suka auna haƙoranki,
suka auna sunan suka ce yana warin akwatin tsohuwa.
Wai har masani suka biya ya ƙirga zane,
ya zaɓo wani mai gaɓa biyu,
gajere kamar tafi,
mai sauƙin fita daga bakin dubu goma a lokaci guda.
Ba zan faɗe shi nan ba.
Yana jikin motar haya, yana jikin kofin shayi,
ba ya bukatar bakina.

Kowace Laraba mai taliya kan ƙara ƙarar talabijin.
Ga ki can kina tashi bisa kan gora da takobi,
rigarki na binki kamar hayaƙi.
Kika buɗe baki, sai na ajiye cokali:
muryar ma ba taki ba ce.
Wai harshen garinmu ya yi kauri a kunnen birni,
aka ɗora miki ta wata mace da ba a nuna fuskarta.
Wanda ya ari riga, ai ya san ranar tuɓewa,
amma wa ke tuɓe murya?

Sannan, wani dare na sanyi, bayan na ja ƙofa rabi,
wata ta shigo da hula da takunkumi a fuska,
baƙar mota na jiranta, injin bai mutu ba.
Ta tafiyarki na gane ki.
Kika ce za ki sayi gida,
banki kuwa bai san wadda ke jikin kofin shayi ba.
Tsohon hatimin ya ɓace a wani otal.

Na fito da duwatsu masu tsada, kika ture,
kika ɗauki ɗan toka-toka mai tsaga a gefe.
Na yanka. Idona ba kamar da ba,
amma hannu bai manta ko zane ɗaya ba.
Ƙura na sauka kan gwiwata, kina zaune kan akwatin kaya
inda kike yin aikin makaranta.

Kika ce, Baba, faɗe shi in ji.
Na faɗa. Gaɓar ƙarshe ta hau,
ta ɗan karye a hanya, ta ƙarasa.
Daga bayan bango mai taliya ya ɗaga murya:
Suqin ce? Ki ce mata da barkono ko babu?

Kin tafi da dutsen kafin asuba.
Bugun gwaji kuwa yana nan,
ja, a bayan takardar kuɗin wuta,
ya ɗan karkace,
don hannunki ya yi rawa.