Kwanciyar Jini

Shekara arba'in ina dukanci a Birni,
basilla ba ta taɓa kuɓuce mini ba.
Bara ta faɗi sau uku a wuni ɗaya.
Da asuba yatsuna kan tashi a sandare
kamar ƙirgin da aka manta a rana,
sai hantsi ya dubi ludayi suke yarda su lanƙwashe.

Na ce sanyi ne. Wanzami ya ce mataccen jini,
ya kafa mini ƙaho shida a gadon baya.
Barira ta dafa sassaƙen maɗaci,
na sha har harshena ya manta ɗanɗanon gishiri.
Daga ƙarshe jikana Bra ya ɗora ni kan kabu-kabu,
muka ratsa duwatsu zuwa babban asibiti.

Yarinyar ɗakin awo, Cima sunanta,
ta ɗaure mini dantse, ta ce in dunƙule hannu.
Na ce, 'yata, da zai dunƙulu ai da ban zo ba.
Ta ɗura jinin a siririyar kwalba
kamar tsinken tsire, ta tsayar da ita,
ta dubi agogo, ta ce awa guda.

Duk wanda ya tashi a Damagaram
ya san jiran ruwa ya kwanta a randa.
Ɗan ga-ruwa ya juye maka na tabki, ja wur,
ka ƙyale shi, laka ta sauka, sama ta washe.
Haka jinina ya yi ina kallo:
ja ya yi ƙasa, ruwan ɗorawa ya tsaya bisa.

Na ce madalla, ya kwanta da wuri.
Ta girgiza kai.
Baba, na mai lafiya ba ya gaggawa.
In da kumburi a jiki, ƙwayoyin kan manne da juna,
su yi nauyi, su nitse.
Naka ya sauka tamanin da biyar.
Ga wani awon, na abin da hanta ke zubarwa
in ta ji ihun gobara. Shi ma ya hau.

Na ce, to ina wutar take?
Ta ce, mu hayaƙi kawai muke gani,
ba ya faɗin gidan da ya kama.
Neman gidan sai Likita Kyari.

Shi kuwa ya bi gaɓoɓina yana latsawa
kamar mai tayin akuya a kasuwar Dole.
Ya ƙara awo, ya ce karen gida ne
ya daina gane maigida.
Ya rubuta ƙwaya, sau ɗaya a mako,
kuɗinta ya cinye jakunkunan da ban ɗinka ba.

Wata biyu, sittin.
Wata huɗu, arba'in da biyu.
Da damina gero ya yi tsada,
na zaɓi tukunya, na bar kantin magani,
ban gaya wa kowa ba, har Barira.
Cima ta dubi kwalba, ta dube ni.
Saba'in, Baba. Mako nawa ka tsallake?
Na zata jinin mutum mai rufa masa asiri ne.

Yau ashirin da takwas.
Babban yatsana bai miƙe ba, an ce ba zai miƙe ba,
lamba ba ta gyara abin da wuta ta riga ta ci.
Amma jiya na huda jar fata, na ja zare,
na ɗinka wa takardun awon gida kamar laya,
ɗinkin ya karkace, na bar shi haka.

Ɗazu Barira na tsaye kan randa tana mita,
wai ruwan yau ya ƙi kwanciya.
Na ce ki bar shi, kada ki sa masa alif.
Ni na san darajar abin da ba ya gaggawar sauka.