Kwaɗo Ɗaya

Ƙarfe uku na rana a Oulu, duhu har ya sauka.
Tuulikki ta bar kofi ya huce,
ta zuba wa lambobi ido.

Zukata sittin da huɗu ne a cikin na'urar,
kowace na son shafi daga ma'ajiya,
kwaɗo kuwa ɗaya ne a ƙofar.
Ɗaya ta shiga, sauran na juyi a tsaye,
ba barci, ba aiki, sai zafi.
Fanka na ta kuka.

Veikko ya ce, "Ƙyale shi.
Bai taɓa cin amanar kowa ba."
Ta ce, "Gadin ya fi kayan tsada."

Mako uku tana fasa shi ƙanana,
kowane yanki da nasa.
Sau biyu zukata suka riƙe wa juna mabuɗi,
kowace na jiran 'yar'uwarta
har gari ya waye, in wannan wayewa ce.

Daren Laraba gwaji ya wuce.
Fanka ta yi shiru.
Ta tuƙa keke kan ƙanƙara zuwa gida,
ta laluba aljihu:
mabuɗinta na can ofis.