Safar Likita

Ni da na ɗinka huffi shekara arba'in,
na kai kasuwar Gujungu a bayan keke,
ni da na jeme fatar akuya da bagaruwa
har ta yi laushin kunnen jariri,
yau ga ni a bakin gado
safa guda ta gagare ni.

Likitan Jahun ya ce, "Baba, tun da asuba,
kafin kumburi ya sauko ya yi zango a idon sawu."
Ya faɗa da sauƙi, ya gwada da nasa yatsu,
miƙaƙƙu sumul kamar karan dawa.
Nawa kuwa citta ce aka tono,
kowace gaɓa da ƙullinta,
kowane ƙulli da nasa fushi.
Amosani ya shigo gidan nan ba sallama,
ya shimfiɗa tabarma, bai ce ga ranar tafiya ba.

Sai na fara da lallashi.
Ruwan ɗumi a ƙaramin kwano,
in tsoma hannu in bar shi ya huce,
kamar yadda ake jiƙa busasshiyar fata kafin a sa mata basilla.
In yi alwala, in tsane tsakanin yatsu,
in juya safar ciki waje har zuwa dunduniya.
Bakinta kamar jakar marowaci:
ka buɗe, ta tsuke.
Ka sake buɗewa, babban yatsa ya ce shi kam ya gaji.

Ranar Laraba na yi jifa da ita.
Ta faɗa bayan randa, ta kwana can,
ƙafata ta wuni kamar tulu,
jijiyoyi sun yi kwance a ƙwauri
irin saiwar gawo da ruwa ya tone.
Ban gaya wa kowa ba.
Uwani ce ta tsinto ta da tsintsiya.

Ita yana ta rufe mata ido,
amma hannunta har gobe yana murza gyaɗa.
Ni ido garau, hannu ya ƙi.
Ta ce, "To, mu haɗa jari."
Ta zura mini ledar sukari a tafin ƙafa don santsi,
ta durƙusa, gwiwarta na ƙara kamar tsohon ƙyaure.
"Ja dama kaɗan. A'a, damata, ba taki ba."
"Ka yi shiru, Ɗanladi, ƙafar nake saurare."
Dunduniya ce mashigin kogi,
in an haye ta, sauran tafiya tudu ne.
Taƙi-taƙi take hawa,
ba fizga, ba naɗe baki,
tana lalube da tafin hannu
tana kashe duk wata tattara kafin ta zama miki.
Sannan ta zare ledar ta wajen yatsu
ta ninke, ta soke a jikin azara don gobe.

Na tuna shekarar da na auna ƙafarta da zaren kaba
zan yi mata takalmi ja.
Ta ɓoye sawu a ƙarƙashin zane,
sai da ƙanwarta ta riƙe ta ana dariya.
Na faɗa mata. Ta ce, "Takalmin ma ya matse ni,
ban dai faɗa ba ne.
Miƙo ɗayar."

Yanzu ina taka ƙasa ƙafa ba nauyi.
Yaran unguwa na ce mini ɗan ƙwallo,
in ɗaga sanda, su watse.
Na kai har gonar gero ta bayan makaranta,
na dawo kafin rana ta take.

Da dare mu tuɓe ta a hankali.
Uwani ta wanke da ruwan sanyi,
ta shanya a inuwa, kan igiyar rumfa,
ƙafafu biyu marasa mai su
suna lilo, suna jiran asuba.